Bayan an naɗe tabarmin makoki

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke cina a rai tun rasuwar mahaifinmu wata biyar da suka wuce, Allah ya jiƙansa.

Kwana ukun farko gidanmu ba masaka tsinke, tabarmi har bakin titi, mata na ta shigo da kwanukan tuwo da kunu, kowa ya haƙuri ya haƙuri, kuma wallahi mun gode. Amma ni a lokacin tarbar baƙi kawai nake yi, ban ma san me nake ji ba. Sai da aka yi addu'ar uku, masu kujerun haya suka kwashe kayansu, sannan abin ya sauko mana. Rana ta biyar na ga Inna ta zuba tuwo a kwanon Baba ta rufe da faifai kamar kullum, sai da ta kai ƙofar turakarsa ta tsaya cak, ta juyo da shi madafa ba ta ce uffan ba. Butarsa har yau tana inda ya bar ta.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ƙanena ya fashe da kuka a maƙabarta wani ya daka masa tsawa wai namiji ba ya kuka, wai ina tawakkalinsa. Haba jama'a! Manzon Allah (SAW) fa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, ta 10 da aiko shi, har yau shekarar baƙin ciki ake ce mata. Annabi Yakubu ya yi ta baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari. Kururuwa da yaga tufafi da marin fuska aka hana, hawaye kam rahama ne.

Roƙona, wanda ya je gaisuwa ranar farko ya daure ya sake leƙawa bayan sati biyu ko wata guda. Inna ta yi takabarta wata 4 da kwana 10, waɗanda suka dawo duba ta ba su fi mutum huɗu ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce kullum bayan la'asar za ta shigo su zauna suna tsinkar zogale, ta bar Inna ta yi ta ba da labarin Baba, in kuka ya zo mata ta ƙyale ta ta yi abinta. Allah ya saka mata da Aljanna.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya