Wa zai nema miki mai horarwa?

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Jiya goggonki ta kira ni tana ta yi mini barka, wai 'yata za ta zama dakta, har kin biya kuɗin kama gurbi a wata jami'a mai koyar da DNP, wato digirin digirgir na aikin jinya, ta intanet. Na amsa barkar kamar da ma na sani. Da na ajiye wayar kuwa barci ya ƙi zuwa. Na ji zafin a bakin wani na ji, ba zan ɓoye miki ba, amma wannan mu ajiye shi gefe tukuna.

Kada ki ɗauka karatun nake ƙi. Digirin digirgir ne na gaske. Tun 2004 ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta tsaya a kan ya zama shi ne matakin masu babban aikin jinya, kuma ma'aikatan jinya masu sa barci a ɗakin tiyata tuni suka koma kansa, duk wanda ya shiga karatunsu daga 2022 sai dai ya fita da digiri na uku. Mai PhD bincike take yi don samar da sabon ilimi, mai DNP kuwa ta ɗauko abin da bincike ya tabbatar ta shigar da shi cikin aikin asibiti. Na biyun ya fi dacewa da ke. Sai dai ki sani takardar digirin ba ita ke ba ki ikon duba mara lafiya da rubuta masa magani ba. Wannan ikon sai kin ci jarrabawar ƙwarewa ta ƙasa, ta AANP ko ta ANCC tunda fannin lafiyar iyali kike so, sannan hukumar jinya ta jiharki ta ba ki lasisi. Wadda ta tsaya a digiri na biyu ta ci wannan jarrabawar, ikonku ɗaya. Kuma ki duba takardar da suka aiko miki da kyau, domin akwai DNP na shugabanci da gudanarwa, wanda ko kin gama shi ba ki da damar zama waccan jarrabawar. Sunan digirin ɗaya ne a kan kwali.

Maganar tantancewa ba ta da tsawo. Ki shiga shafin CCNE ko na ACEN, hukumomin da ke tantance karatun jinya, da kanki ki nemi sunan makarantar, ki tabbata DNP ɗin ne aka tantance, domin sau da yawa digirinsu na farko ne ke da shaidar, su kuma su manna tambarin a ko'ina. Ki tambaye su kashi nawa na ɗalibansu ke kammalawa, kashi nawa ke cin jarrabawar ƙwarewa. Ma'aunin CCNE kashi 70 ne a kammalawa, kashi 80 a cin jarrabawa. In mai wayar makarantar ya fara kame-kame, kin sami amsarki. Daga nan ki rubuta wa hukumar jinya ta jiharki ki tambaya ko ta yarda ɗalibar makarantar wata jiha ta yi horon asibiti a cikinta. Akwai yarjejeniyar SARA da ta haɗa jihohi kan karatun nesa, amma ba ta ɗaure hannun hukumomin jinya ba, Kalifoniya ma ba ta ciki. Tunda maigidanki bai daina zancen canjin wurin aiki ba, ki tambaya har da jihar da yake hange. Ƙaura a tsakiyar karatu tana iya tsayar da komai cak.

Duk waɗannan a yini ɗaya za ki gama su. Abin da ya hana ni barci daban ne.

Lacca ce kawai ke intanet, Uwata. Darussan nan uku na farko, yadda cuta ke aiki a jiki, ilimin magunguna, da duba jikin mara lafiya, za ki iya sauraronsu da tsakar dare in yara sun yi barci, sai 'yan kwanaki da za su kira ku harabar jami'a a gwada hannunku. Amma DNP yana buƙatar awa 1,000 na horo bayan digirin farko, ke kuma digirin farko kawai gare ki, don haka babu ko awa ɗaya da za a yafe miki. Ƙa'idar 2022 ta masu koyar da irin wannan aiki ta ce aƙalla awa 750 su kasance gaban mara lafiya kai tsaye. Aikin da ake biyanki albashi a kansa ba ya shiga lissafin. Kowace awa sai a ƙarƙashin mai horarwa, wato babbar nas mai lasisin duba marasa lafiya ko likita, wadda za ta yarda ki zauna ɗakinta, ki rage mata sauri, ta duba rubutunki, ta sa hannu. Yawancinsu ba a biyan su ko sisi. Me zai sa ta yarda?

Ga tambayar da nake so ki yi wa makarantar, kuma amsar ta zo a rubuce: wa zai nemo mai horarwar nan, su ko ke? In suka ce za su taimaka miki, ki sani taimakon a wurare da dama bai wuce su miƙa miki jerin lambobin waya ba. Ƙa'idar CCNE ta ɗora wa makaranta alhakin tabbatar da wuraren horo, amma tsakanin abin da ke takarda da abin da ke faruwa akwai tafiya. Ga yadda abin ke kasancewa. Ɗaliba ta buga waya asibiti ashirin. Wasu ba za su ɗauka ba, wasu su ce sun cika har baɗi, wasu su ce ɗaliban jami'ar garinsu kaɗai suke karɓa. A ƙarshe wata ta tausaya ta ce to. Murna ba ta ƙare ba sai a ce mata babu yarjejeniya tsakanin asibitin da makarantar, takarda ta tafi teburin lauyoyin ɓangare biyu, suna ja-in-ja kan wa zai ɗauki inshorar kuskuren aiki, wata biyu, wata uku, zangon karatu ya fara ba ita. Darasin kuma wani sau ɗaya ake buɗe shi a shekara. Kafin shekara ta zagayo mai horarwar ta canza wurin aiki, gwajin tarin fuka da katin shaidar horon ceton rai na ɗalibar sun tashi aiki, a koma farko. Kuma fannin iyali ba mai horarwa ɗaya yake so ba. Akwai manya, akwai yara, akwai lafiyar mata, biyun ƙarshen nan su suka fi wuyar samu domin kowa su yake nema. Har kamfanoni sun tashi masu karɓar kuɗi su haɗa ɗaliba da mai horarwa, kuɗin da ba ya cikin lissafin da mai wayar ya karanta miki.

Sai ki yi lissafin mako. Aikinki kwana uku ne na awa 12, awa 36 ke nan. Horo kwana biyu na awa 8, awa 16, kuma da rana tsaka, Litinin zuwa Juma'a, lokacin da asibitocin duba marasa lafiya ke buɗe. Darussa masu nauyin kiredit 6 a zango suna cin kamar awa 18 na karatu da rubutu. Awa 70 ke nan, ba a sa hanya ba, ba a sa yara ba. A wannan tafiyar, zango mai mako 15 awa 240 kawai zai ba ki, wato sai kin yi fiye da zango huɗu a haka. In kin ce za ki sauka daga aikin dare ƙarfe bakwai ki wuce horo ƙarfe takwas, ke kin san irin idon da ke karanta adadin magani bayan awa ashirin ba barci.

Abin da nake tsoro ke nan: ki kai tsakiyar kogi ki tsaya. Shekara biyu kin biya, bashi ya hau, ba digiri, ba jarrabawa, kiredit ɗin kuma wata makarantar ba za ta karɓi fiye da 'yan kaɗan ba. Kuma na san ki. Ba za ki faɗa wa kowa ba. Haka kika yi a wancan karon, sai da abu ya lalace muka ji, kina cewa ba ki so ki dame mu. Wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne, kuma kin san inda kika gado shi. Mace mai 'ya'ya, mai lasisi a hannu, a kira ki a waya a ce gurbi zai rufe ranar Juma'a, ki zaro kati ki biya ba ki tambayi kowa ba? Gurbin da ake bin mutum da waya don ya karɓa ba ya rufewa. Har wani abu ya faɗo mini a rai da na ji kunyar tunaninsa, amma zan faɗa. Ɗalibar da aka matse, saura awa talatin zango ya ƙare, ita ce zuciya ke raya wa ta ƙara a rajistar. Rajistar nan kowane mara lafiya da layinsa: rana, shekarunsa, cutarsa, kallo kika yi ko ke kika duba. Ana kwatanta ta da jadawalin asibitin. Wadda aka kama, kora ce, kuma maganar tana iya kaiwa hukumar jinya ta taɓa lasisin da take ci da shi yanzu. Ban ce za ki yi ba. Na ce kada ki sa kanki inda za a gwada ki.

Ki yi haƙuri, na ɗaga murya. Kin sha cewa na cika hango matsala, ni kuwa gani nake wannan ne kaɗai abin da zan iya yi miki daga inda nake.

Sauran biyu a taƙaice. Aikin kammalawa na DNP gyaran wani abu ne a wurin aiki na gaske, kamar ƙara yawan masu ciwon sukari da ake duba wa ƙafa a wani asibiti, a auna kafin gyara da bayansa. Ki zaɓi ƙarami wanda za a iya aunawa cikin 'yan makonni, ki karɓi amincewar asibitin a rubuce don kada shugabar sashe ta tashi ta tafi da alƙawarinta, kuma kada ki taɓa bayanan mara lafiya ko ɗaya kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ki takarda. Duk zangon da aikin ya ƙara, akwai kuɗinsa. Bashin gwamnatin tarayya na masu karatun gaba da digiri kuwa yana tara ruwa tun kina aji, don haka ki fara tambayar ofishin ma'aikata na wurin aikinki nawa suke biya wa mai ƙaro karatu, da shekara nawa za su ɗaure ki bayan haka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki fara magana da manyan nas ɗin da kike aiki da su, waɗanda suka san hannunki, ki sami aƙalla biyu da suka ce to, ɗaya ta yara. In makarantar ta ƙi rubuta amsar tambayar nan, ki bar musu kuɗin gurbin, bai kai ya ɗaure ki ba. In ta rubuta, ki ɗauki karatun rabi-rabi ko da zai kai shekara biyar, ki rage aiki zuwa kwana biyu idan horo ya fara, yaran kuma ki kawo mini su a makonnin jarrabawa, da ma ina kewarsu.

Ki turo mini hoton takardar da kika sa wa hannu, duka shafukan, har da masu ƙananan rubutun. Zan kira ki ranar Lahadi bayan kin tashi daga barci. Ki gaida maigidan, ki ce wa ƙaramin ban manta alƙawarinsa ba. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki