Wasiƙa zuwa ga Yaya a Daura

Donkasta, Ingila

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya jikin Inna? An ce ƙafar ta yi sauƙi tun da aka sauya mata magani, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau nake, sai sanyi. Yanzu tun ƙarfe huɗu ba ta cika ba rana take faɗuwa, azahar da la'asar da magariba sai ka ga sun zo kusan a jere.

Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a na saurare shi har sau uku. Ka ce ɗan nan nawa ba shi da aiki sai ƙera motocin wasa da kara da gwangwani da waya, har ya yanka silifas ɗin maiɗakinka ya yi tayoyi, shi ya sa ka kwashe motocin ka kulle a sito. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Kai kake riƙe da shi, kai kake ganin tashinsa da kwanciyarsa, ni kuwa sai dai hoto. Na ƙi amsa maka ta waya ne saboda maganar tana da tsawo, kuma akwai abin da nake yi wata biyar ke nan ban taɓa ba ka labari ba.

Ka san yadda shekarata ta farko ta kasance a garin nan: daga ɗaki sai wurin aiki, daga wurin aiki sai ɗaki. In ka cire Juma'a a masallaci, nakan yi mako ban zauna da wani mun yi hira ta minti goma ba. Wata rana ina tsugune a ƙofar gida ina gyaran fitilar kekena, sai maƙwabcina, wani dattijo da ya doshi tamanin, ya tsaya a kaina yana kallo. Da na gama ya tambaye ni ko na iya liƙa waya da dalma. Na ce na iya, na koya a shagon mai gyaran rediyo tun ina sakandare. Ya ce hannunsa ya fara rawa, in ba damuwa in raka shi wani wuri ranar Talata da dare.

Wani tsohon ɗakin taro ne na unguwa. Da muka shiga na tarar da maza goma sha biyu, yawancinsu masu furfura, sun kewaye wani dogon tebur da ya ninka zauren gidanmu uku a tsawo. A kan teburin gari ne sukutum, da tasha, da gada, da gonaki, da shanu, da gidaje masu bututun hayaƙi, ga layin dogo ya ratsa ta tsakiya ya shige cikin tsauni. Ina tsaye sai ga jirgi ya fito daga ramin tsaunin da fitilarsa a kunne, yana jan tarago takwas na kwal, ya rage gudu ya tsaya daidai bakin dandamali. Kan jirgin bai fi tsawon tafin hannuna ba. Wallahi Yaya, na fi minti biyar ban motsa ba.

Kada ka ɗauka wasan yara ne. Garin nan garin reluwe ne tun asali. A masana'antarsu aka ƙera kan jirgin da ake kira Flying Scotsman a 1923, da Mallard a 1938, kuma maƙwabcin nawa a nan ya shiga koyon aiki yana ɗan shekara goma sha shida. Komai na kan teburin da awo aka yi shi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a Ingila sunansa OO, inda kowace ƙafa ɗaya ta abin gaske take komawa milimita 4, wato an rage komai sau 76. Mutum mai tsawon ƙafa shida zai dawo milimita 24, kamar gaɓar yatsa ɗaya. Jamusawa da Amurkawa nasu HO ne, sau 87 suke ragewa, amma dogon iri ɗaya ne da na nan, milimita 16.5 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A nan gardama take. Faɗin dogon gaske milimita 1,435 ne, in ka rage shi da ma'aunin Ingila ya kamata ya ba ka 18.83, ba 16.5 ba. Akwai dattawa biyu a cikinsu da ba su yarda da dogon kanti ba saboda wannan ɗan bambancin da bai kai ƙwayar dawa ba, da hannu suke shimfiɗa nasu. Sauran suna cewa wahala ce kawai. Ni dai ina bayan mutum biyun nan, domin in ka sunkuya ka dubi jirginsu ta gaba za ka ga zamansa a kan dogo ya fi kama da gaskiya.

Amma ba lissafin ne ya riƙe ni ba, hirar ce. Tamkar majalisar ƙofar gidan marigayi Baba bayan la'asar. Ƙarfe takwas ake dafa shayi a fito da biskit, kowa da kofinsa a rataye a ƙusa, yanzu ni ma ina da nawa. Wannan yana kukan gwiwa da jiran ranar da asibiti za su kira shi, wancan kuɗin gas ya dame shi, wani tumatirinsa ne ya ƙi nuna bana, wani jikarsa ta haihu a Ostireliya yana zagayawa da hoto. Na lura da wani abu: in hannun namiji yana kan aiki, idonsa na kan abin da yake yi, bakinsa yakan faɗi abin da ba zai iya faɗa ido cikin ido ba. Ina riƙe masa waya a ƙarƙashin tebur, muna kwance rigingine mu biyu, maƙwabcina ya ba ni labarin rasuwar matarsa, da yadda ya yi wata shida bai buɗe labulen falonsa ba. A wurin ni ma na gaya masa ina da ɗa a gida wanda rabona da shi tun yana aji biyu. Da isha ta yi suka nuna mini ɗan ɗakin da suke ajiye katako don in yi sallah, tun daga ranar kuma kullum sai na tarar an share shi.

Aikin farko da suka ba ni bayan waya shi ne zuba tsakuwa. Ana shimfiɗa wani abu mai laushi a kan katakon filawud don rage ƙara, a kafa dogo a kai, sannan a barbaɗa tsakuwa mai laushi kamar tsakin masara, a daidaita ta da burushi tsakanin katakan dogon ɗaya bayan ɗaya. Sai a fesa ruwa, a sirka farin gam na kafintoci da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya don ya ratsa, a riƙa ɗigawa da sirinji. Na yi kusan mita guda ya yi kyau, sai na zarce har kan mahaɗar da jirgi yake sauya layi. Da muka dawo mako na gaba gam ya kama harshen mahaɗar ƙam, ba ya motsi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce zan biya. Maƙwabcina bai ce komai ba, ya kawo ruwan ɗumi da auduga ya ɗora a wurin, muka zauna muna jira gam ya saki, muka riƙa tsince tsakuwar da tsinken allura har harshen ya dawo yana kaɗawa. Awa ɗaya da rabi muka yi. Da muka gama ya miƙo mini sirinjin ya ce in ci gaba daga inda na tsaya.

Ran nan suka tambaye ni wace ce tashar garinmu. Na ce Daura ba ta taɓa samun jirgi ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, mu kuwa sai mota. Ni kaina ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar da na hau daga Rigasa zuwa Abuja neman biza. Na ba su labarin sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Suka sa na buɗe taswira a waya, suka taru a kaina suna bin hanyar da yatsa. Mako na gaba na tarar an jingine mini falanki mai ƙafa huɗu a tsawo, biyu a faɗi, an riga an buga masa firam. Suka ce in gina musu Daura.

Yaya, tun da na zo ƙasar nan ban yi abin da ya sanyaya mini rai kamar wannan ba. Ɗaya daga cikinsu ya kawo jan fenti, a zatonsa duk ƙasar Afirka ja ce. Na ce a'a, tamu jigawa ce, fara-fara mai ɗan ruwan ƙasa, sai da na haɗa kala huɗu na tankaɗe yashi da rariya kafin ta fara kama da ta gonarmu. Kukar da ke bakin hanyar gona na yi ta da wayar tagulla, na murɗa silli talatin wuri guda suka zama gindi, na raba su sama suka zama rassa, na shafe da yumɓu, na bar ta ba ganye kamar yadda take da rani. Rumbuna uku na yi da murfin kwalba, jinkarsu da zaren igiya da na warware. Zauren ne ya fi cin lokaci, don sai da na sake zankwayen sau uku kafin su tsaya yadda magina suke fitar da su, na yi indararo da bututun biro. Da na kafa dannin kara a bayan gida, gaba ɗayansu suka bar abin da suke yi suka zo kallo.

Suka ce a ina na koyi wannan. Na ce a Daura, bayan an yi girbi. Na kwatanta musu yadda muke ɓare bawon kara mu yi ƙusoshi da shi, mu yanka totuwar mu haɗa bodin mota, mu yi taya da sakaina ko tsohon silifas, mu ja da dogon kara. Ka tuna tirelar da ka yi mini mai taya goma sha huɗu, wadda har yaran wata unguwa suka zo gani? Kai ka koya mini, Yaya. Maƙwabcina ya yi shiru, can ya ce su kam a kwali suke sayo nasu, sabon kan jirgi ma yakan haura fam 150, yaron da ya iya fitar da mota daga abin da ya tsinta a gona ya riga su sanin aikin.

A watan jiya ya kai ni Yok, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba a jirgi, inda babban gidan tarihin jiragen ƙasa yake, kuma shiga kyauta ne. Na ga Mallard da idona, shuɗi, gabansa a zube kamar goshin kifi. Ranar 3 ga Yulin 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, kusan kilomita 203, har yau babu jirgi mai tururi da ya karya wannan. Yara 'yan makaranta sun cika wurin, malamarsu ta raba musu takarda da fensir suna zana tayoyin. Akwai wani ɗan siriri a cikinsu da ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashi, sai da aka kira shi sau biyu. Na kasa daina kallonsa.

Saboda haka ina roƙonka alfarma, ba umarni nake ba ka ba, ban isa ba. Ka buɗe siton nan ka mayar masa da motocinsa. Ka gindaya masa sharaɗi yadda ka ga dama: boko da Islamiyya su ne gaba, ba taɓa kara sai ya gama hadda da aikin gida, kuma ba taɓa kayan kowa sai ya tambaya. Ya je ya ba maiɗakinka haƙuri da bakinsa, kuɗin silifas kuma na sa a cikin na wannan watan. In da hali, ranar Asabar a riƙa kai shi shagon kafinta ko na mai gyaran rediyo ya yi awa biyu, ko da shara ce da miƙa ƙusa. Akwai mai tahowa gida ƙarshen wata, zan ba shi filaya ƙarama da rula ta ƙarfe da tef na awo, da tarago ɗaya da maƙwabcina ya ciro daga nasa ya ce a kai wa yaron.

Ni ma ina da aikin da zan ba shi. Ya auna mini zauren gidanmu da tef ɗin, tsawo da faɗi da tsayin ƙofa, ya raba kowanne da 76, ya rubuto da hannunsa. Kai kuma don Allah ka ɗauko mini hoton ƙofar fada, da ginin rijiyar Kusugu, da duk inda aikin dogon ya fi kusa da gari in ka bi ta wajen. Ka ɗebi ƙasar gonarmu tafi ɗaya ka zuba a kan farar takarda ka ɗauka da hantsi, domin har yanzu ina ganin tawa ta ɗan yi duhu.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, da Kawu, da liman, da duk mutanen majalisa. Allah ya saka maka da alheri bisa riƙon da kake yi, ya bar zumunci.

Wassalam, ƙaninka.