Anti, Haƙuri Nake Yi Ko Haɗiyewa Kawai?

Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya, ya aiki ya ƙoƙari. Na daɗe ina sauraron wannan fili naki amma ban taɓa kawowa a raina ni ma wata rana zan rubuto ba. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni magidanci ne, shekarata 36, matata ɗaya da yara 2, kuma ni ne babba a gidanmu. Cikin wata 7 abubuwa uku suka faɗo min a jere, ban gama miƙewa daga ɗaya ba sai wani ya zo. Da farko aka rage ma'aikata a inda na yi shekara 9 ina aiki, takarda kawai aka miƙo min. Ban yi wata biyu a zaune ba Baba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, likita yace hawan jini ne ya jawo, mu kuma bamu ma san yana da shi ba tunda ciwo ne da baya nuna alama. Muna cikin jinyarsa matata tayi ɓarin ciki wata 5.

Duk wanda ya zo kalma ɗaya ce, sai haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni kuma in ce alhamdulillah, in yi murmushi in raka mutum bakin ƙofa. Har yabona ake wai wane akwai tawakkali. Amma Anti wallahi abin da ke cikina daban ne, ƙarfe 3 na dare nake farkawa ƙirjina kamar an ɗora dutse, in ta lissafin maganin Baba da kuɗin haya da na makarantar yara har a kira asuba, da rana kuma ba abin da yake min daɗi, ko waya aka kira sai in zuba mata ido har ta katse. Abin da yafi ci min rai shine ranar da ƴata ƴar shekara 4 ta zubar da ruwa a kan takardun da zan kai neman aiki, na daka mata tsawar da ni kaina saida na tsorata. Tun daga ranar in na shigo gida sai ta ɓuya bayan mamanta. Yarinyar da a da ita ke fara rugowa ta tare ni.

Ba wai ban san abin da addini yace bane. Na san aya ta 155 a Suratul Baƙara inda Allah yace zai jarrabe mu da wani abu na tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, sannan yayi bushara ga masu haƙuri. Na kuma san hadisin matar nan da Annabi (SAW) ya wuce tana kuka a bakin kabari, wanda a ƙarshensa yace haƙuri yana wajen bugun farko. To wannan hadisin shi yake hana ni sakat, domin ranar da aka fito aka gaya min cikin ya zube, abin da ya fara fita bakina shine me yasa ni, sai daga baya na iya cewa inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shikenan ladan ya wuce ni kenan?

A gefe guda kuma in na karanta Suratu Yusuf sai in ga Annabi Yaƙub da bakinsa yace zai yi kyakkyawan haƙuri, amma duk da haka baƙin ciki yasa idanunsa suka yi fari, kuma ya faɗa a fili cewa Allah yake kai wa kukansa. Shi ma Annabi (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke rasuwa. Kenan ba a hana mutum jin ciwo ba. To ni da na hana kaina kuka, na hana kaina gaya wa kowa, sai na koma huce haushi a kan ƙaramar yarinya, anya abin da nake yi sunansa haƙuri kuwa? Ni dai a ganina haɗiyewa nake yi, kuma abin yana cina ta ciki.

Wani abokina ma'aikacin lafiya yace in mutum ya wuce sati 2 kullum ransa a ɓace, bacci ya lalace, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, to yana iya zama ciwon damuwa, kuma ana magance shi, yace in je in ga likita. Da na ɗan taɓa zancen da wani babba a danginmu sai yace raunin imani ne, namiji baya haka, in ƙara addu'a kawai. Addu'a kam ban fasa ba Anti, amma maganarsa ta sa na ji kunyar zuwa asibitin. Zuwa ganin likita yana rage wa mutum tawakkali ne? Kuma yaya zan riƙa kyautata zato alhali duk sanda waya tayi ƙara gabana faɗuwa yake, ina jiran labari na huɗu?

Sai maganar matata. Har yau bamu taɓa zama mun yi zancen cikin nan ba, ita tana ɓoye min dan kar ta ƙara min nauyi, ni ma ina ɓoye mata dan kar ta ga maigidan ya karaya. Da dare ina jin shessheƙar kukanta sai inyi kamar bacci nake. Ina so in juyo in ce mata ni ma ban warke ba, amma ina tsoron in ta ga hawayena ta rasa wanda zata jingina da shi. Dan Allah Anti ki gaya min ta ina zan fara, da ita da kuma ƴar tawa.

Nagode, daga ƙaninki mai sauraronki kullum.