Sanarwa kan ƙungiyar mutum-mutumi ta yaranmu

Assalamu alaikum iyayen yara, Allah ya sa kun wuni lafiya.

Ina tunatar da mu taron ranar Asabar bayan la'asar a harabar lakol. Maganar ita ce kuɗin kayan gasar haɗa mutum-mutumi: allon Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake ba umarni daga kwamfuta), ƙananan injina, batir da wayoyi. Kowane gida zai kawo jika biyu, wanda bai samu ba ya sanar da ma'aji a gefe, ba a nan cikin rukuni ba.

Na ji wasu na cewa ai wannan wasa ne, gara ƙwallo ko kokowa. Ba na raina kokowa, mu ƴan Maradi ne, filin kokowarmu ma sunan shahararren ɗan kokowa Kantu yake ɗauke da shi. Amma a fili jiki ake horarwa, kuma ƙalilan ne ke kaiwa ga takobin da ake ba zakaran kokowa na ƙasa. A nan kuwa yaro zai auna, ya lissafa, ya rubuta umarni a kwamfuta, abin ya ƙi tafiya, ya sake kwancewa. Ranar Laraba na iske wata yarinya ƴar aji huɗu durƙushe kan tabarma, ta gano waya guda ce aka juya. Da ƴar motar da suke haɗawa ta motsa sai da ajin ya ɗauki sowa. Irin hannun nan ne gobe zai gyara famfon sola a Jiratawa.

Don Allah mai tsohon caja ko rediyon da ya mutu ya taho da shi.

Allah ya raya mana zuri'a. Na gode.

Sakataren iyaye