Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a Kumasi

Nima, Ankara (Accra), Gana

Ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririn. Mu nan sai godiyar Allah.

Kin ce tun da kika koma aiki bayan haihuwa shugabanki ya daina kiranki taro, har yana faɗa a gaban jama'a wai mai goyo ba ta da lokaci. Gwaggonki ta ce ki yi haƙuri. Ni ba zan ce miki haka ba.

A zamaninmu haƙurin ne kawai muke da shi. Na daɗe ina buga tafireta a wani ofis, kuma duk ranar taro ni ce mai kawo shayi, alhali yaron da na koya wa aiki yana zaune ana jin ra'ayinsa. In babba ya dafa kafaɗarki ya ƙi ɗauke hannu, sai ki yi yaƙe ki zame, don babu inda za ki kai kuka. Mu da muka ga an rushe kasuwar Makola a 1979, ana zane mata da bulala da sunan kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, tun da wuri muka koyi kame baki.

Ke kuwa doka tana bayanki. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ki hutun haihuwa na aƙalla mako 12 da cikakken albashi, da awa guda a lokacin aiki don shayarwa, ta kuma hana a kori mace saboda ta tafi hutun haihuwa. Ki riƙa rubuta abin da ya faɗa, da ranar, da waɗanda suka ji. Ki fara kai ƙara a cikin ma'aikatar. In suka yi kunnen uwar shegu, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, akwai CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam.

Sai gardamarmu ta siyasa. Ranar 7 ga Janairun 2025, da aka rantsar da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang mataimakiyar shugaban ƙasa, na zubar da hawaye, ke kuma kika ce, "Mma, bari mu ga aiki tukuna." Ki fahimce ni. Mun taso muna jin labarin mata 10 da suka shiga majalisa a 1960, zamanin Nkrumah, cikinsu har da Susanna Al-Hassan daga arewa, mace ta farko da ta zama minista a Gana. Mun ga Hawa Yakubu ta ci kujerar Bawku ta Tsakiya a 1992 ba tare da jam'iyya ba. Amma har bayan zaɓen 2020, mata 40 ne kacal cikin 'yan majalisa 275. Shi ya sa duk macen da ta hau, mu murna muke fara yi. Ku kuma tambaya kuke: me ta yi wa makarantar 'yan mata, me ta yi wa kwatar zango? Ki ci gaba da tambaya, har da inda aka kwana kan dokar 2024 da ta sa burin mata su kai rabi a muƙamai zuwa 2030.

Abu ɗaya nake roƙonki. In maza a ofis suka fara caccakar wata 'yar siyasa kan aurenta ko ɗaurin ɗankwalinta, kada ki taya su dariya, ko da ba 'yar jam'iyyarki ba ce. Ki soki aikinta iyakar son ranki, amma ki ce musu su bar mata jikinta da gidanta.

Ki kira ni da zarar kin miƙa takardar ƙarar. Na ba direba yaji da daddawa ya kawo miki. Allah ya yi miki albarka, ya raya mana jaririn.

Mahaifiyarki