Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Minista mai kula da Ilimin Ƙasa a kan darasin balaga da kamun kai a makarantun gwamnati

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ina neman afuwarku da na rubuto muku a bainar jama'a a kan maganar da mutanenmu suka fi son a yi ta a ƙuryar ɗaki. Ni tsohuwar malamar kwaleji ce a jahar Tawa, a nan Nijar. Na koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa, darasin da yara ke kira SVT, a garuruwan Adar har na yi ritaya, yanzu kuma ina cikin iyaye mata da ke zama da hukumar makarantar unguwarmu. Roƙona shi ne ma'aikatarku ta fitar da rubutacciyar ƙa'ida, wadda kowane uba zai iya karantawa ko a karanta masa, da za ta fayyace abin da za a koya wa ɗalibi game da balaga da jikinsa da kamun kai, da ajin da za a koya masa, da wanda zai tsaya gabansa ya koyar.

Zan fara da abin da idona ya gani. Babin haihuwar ɗan Adam yana cikin karatun ajin ƙarshe na kwaleji, ajin da ake rubuta jarrabawar BEPC. Mu malamai mun san yadda muke yi da shi, kuma ban cire kaina ba. Mukan ture shi zuwa ƙarshen shekara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, iska tana ɗaga zanar aji. In lokaci ya ƙure sai mu yi hamdala a zuci, in kuwa bai ƙure ba sai mu yi shifta da Faransanci, kai a sunkuye, yara su kwafe su haddace saboda jarrabawa, babu mai tambaya, babu mai son a tambaye shi. Tsoro ne ke sa mu haka. Malami ɗan kwantiragi, baƙo a gari, ya san cewa kalma ɗaya da yaro zai kai gida a karkace ta isa a kai ƙararsa wurin mai gari ko liman, alhali abin da ke hannunsa sunan babi ne da zanen gaɓoɓi, ba shi da takardar da zai nuna ya ce ga abin da aka ɗora masa, ga kuma iyakarsa.

Ita kuwa balaga ba ta jiran BEPC. Tana iske yarinya a CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ko a ajin farko na kwaleji. Ba na mantawa da wata ɗaliba da aka kawo daga ƙauye aka ajiye a gidan mai masauki don ta yi karatu, wadda ta ɓace mana kwana huɗu. Da na je nemanta sai na tarar da ita a bayan rumbu, ta ga jini karon farko, ta ɗauka ciwo ne da zai kashe ta ko kuma abin da zai sa a zarge ta, ga uwarta nesa, ga matar gidan ba ta saba da ita ba. Ban yi mata wani dogon bayani ba, abin da kakata ta gaya mini shi na gaya mata, na nuna mata yadda ake ƙunzugu da yadda ake wanka. Amma har yau ina tambayar kaina yadda aka yi yarinyar da ta haddace sunayen ƙasusuwan jiki da harshen Faransa ba ta san abin da zai faru da nata jikin ba.

Na san tarihin wannan magana, kuma na san dalilin da ya sa kowane minista yake taka ta a hankali. A 2012 kudurin dokar kare ƴa mace da ke karatu ya ci tura a majalisar dokoki bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun nuna rashin amincewa. A 2014 gwamnati ta janye darasin lafiyar jima'i da haihuwa daga manhajar makarantun sakandare, bayan waɗannan ƙungiyoyi sun ce ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa. Ba na cikin masu cewa jahilci ne ya sa iyaye suka tashi. Uban da aka ce za a yi wa ƴarsa maganar kwanciya a makaranta, ba a nuna masa littafin ba, ba a nemi shawararsa ba, yana kuma jin ƙishin-ƙishin cewa daga ƙetare abin ya fito, yana da hujjar ya ji tsoro. A unguwarmu, cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a lokacin, ban ga wanda ya taɓa riƙe littafin a hannunsa ba, kuma haka yake ga waɗanda suka tsaya kare shi. Janye littafi dai bai janye balaga ba, sai ya bar malami da tsoronsa, yaro da tambayarsa.

Tambayar kuwa tana samun mai amsawa. A da akwai kaka da goggo da ƙanwar uwa, kuma yaro namiji yana da kawu da malamin zaure. A Adar ta yau, inda magidanta da yawa ke shafe mafi yawan shekara a ci-rani, wani a Abijan, wani a Libiya, wani a Nijeriya, salula ce ta gaje su. Abin da yaro ɗan shekara 13 yake gani a WhatsApp da TikTok, da abin da abokansa ke tura masa cikin dare, ba shi da manhaja, ba shi da mai duba shi, kuma ba ya jin tsoron liman.

Ga masu cewa addini ya hana a yi wannan magana, ina roƙon su koma ga karatun da suka yi da kansu. Duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar Hausa ya fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya da Risala, kuma a cikin waɗannan littattafai na fiƙihun Malikiyya ne ya koyi hukuncin haila da jinin biƙi da janaba da abin da ke wajabta wanka. Malamanmu suna fassara su da Hausa a zaure, gaban matasa, babu wanda ya ce sun yi batsa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Alƙur'ani ya ce kada a kusanci zina, kuma wanda za a ce wa kada ya kusanci rijiya, dole a nuna masa inda bakinta yake. Saboda haka ni ma kamun kai har zuwa aure nake so ya zama ginshiƙin darasin, a faɗe shi ƙarara ba tare da noƙe-noƙe ba, domin shi ne abin da Musulminmu da Kiristanmu suka haɗu a kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka cewa faɗin "kada ku yi" sau ɗaya, a rufe littafi, ya zama koyarwa.

Wasu sun gwada hakan da kuɗi masu yawa. A 1996 Amurka ta yi dokar da ta ware dala miliyan 50 kowace shekara don jihohi su koyar da ƙauracewa jima'i kafin aure kaɗai. Majalisar ƙasar ta sa a bi sawun shirin, kuma rahoton da ya fito a 2007, wanda ya duba shirye-shirye huɗu, ya nuna cewa yaran da suka yi darasin ba su bambanta da waɗanda ba su yi ba, ko wajen kamewa ko wajen shekarun da suka fara. Sai dai a 2010 wani bincike da aka yi a kan ɗalibai 662 masu kimanin shekara 12 ya nuna wata fuskar: an koya musu kamun kai cikin awa 8, da bayanin gaskiya a kan ciki da cututtuka, da gwajin yadda yaro zai ƙi in an matsa masa, ba tare da tsoratarwa ko ƙarya ba, kuma bayan shekara biyu kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka fara jima'i, alhali a cikin waɗanda ba su yi darasin ba kusan rabi ne. Amurka ba Nijar ba ce, kuma ban kawo ta don a kwaikwaye ta ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne kamun kai abu ne da ake koya wa yaro da wuri, dalla-dalla, kamar yadda ake koya masa alwala.

Akwai kuma abin da ya raba mu da su, wanda duk ƙa'idar da ta manta da shi ta yi aikin banza. Alƙaluman da hukumar UNICEF ke bayarwa sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matanmu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kashi 28 kuma kafin shekara 15, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya sa matsakaicin haihuwar mace ɗaya a 7.6. Ke nan yarinyar da ta kama kanta yadda aka umarce ta, ita ce za a kai ɗakin miji tana da shekara 15, ta yi ciki kafin ƙugunta ya gama ƙwari. Wanda ya taɓa shiga ɗakin masu yoyon fitsari ya san abin da doguwar naƙuda a gida take yi wa ƙaramar yarinya. Wannan yarinya ba ta yi laifin komai ba, kuma tana da haƙƙin ta san amfanin awo, da alamun da ke cewa a garzaya likita, da cewa akwai tazarar haihuwa, abin da dokar lafiyar haihuwa ta 2006 ta riga ta amince da shi. Tun da dokar shugaban ƙasa ta watan Disamba 2017 ta ɗora wa hukuma kare ƴa mace da ke karatu, aka kuma buɗe wa mai aure da mai ciki ƙofar ci gaba da karatu a 2019, matan aure suna zaune a kan bencinmu. Ba na goyon bayan a raba magungunan tazara ko kwaroron roba a makaranta, wannan aikin likita ne. Amma ƙa'idar ta hana malami yin ƙarya a kansu, ta kuma ba shi damar ya ce wa ɗaliba mai aure ga inda za ta je.

In da za a tambaye ni yadda za a tsara, zan ce a fara da tsarki da alamun balaga a CM2, maza daban mata daban, mace ta koya wa mata, namiji ya koya wa maza. Inda babu malama, kamar yadda yake a ƙauyuka da yawa, a gayyato ungozomar likita ko malamar Islamiyya da aka horar. A kwaleji a shiga maganar ciki da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, har da sida, da yadda yarinya za ta gane mai yaudara tun daga kyautar farko. Horon malaman ba sai an je nesa ba, ga makarantar horar da malamai a nan Tawa, ga Jami'ar Djibo Hamani. Kafin a buɗe littafin a aji, a karanta shi a gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye, da liman da mai gari suna zaune, kowa ya ji da kunnensa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Harshen da za a yi darasin da shi ba ƙaramar magana ba ce. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, kuma in akwai darasin da ya fi kowanne bukatar harshen uwa, to wannan ne. Hausa tana da kalmomi masu mutunci da fiƙihu ya daɗe da gogewa: balaga, haila, al'aura, mafarki, tsarki, muharrami. Da su ake faɗin komai ba tare da an zubar da girma ba. A Abalak da Cintabaraden kuma a yi da harshen da yaran wurin suka tashi da shi.

Sauran abu biyu da nake tsoron a manta da su. Duk lokacin da aka ta da wannan zance sai a juya ga ƴan mata, a yi ta yi musu faɗa a kan sutura da fita, a bar jaki ana dukan taiki. Ciki ba mutum ɗaya ke yin sa ba, kuma yaron da ba a gaya masa tun yana kwaleji cewa kamun kai ya hau kansa kamar yadda ya hau kan ƙanwarsa ba, zai girma yana ganin abin kunyar na mace ne kaɗai. Na biyun ya fi nauyi a bakina, don ya shafi abokan aikina. A cikin shekarun da na yi ina koyarwa na ga malamin da ya mai da maki abin ciniki tsakaninsa da ɗalibarsa, da magana ta fito aka rufe ta don gudun tonon asiri, yarinyar ce ta bar karatu. Ƙa'idar da za ta koya wa ɗaliba kamun kai, amma ba ta faɗi wurin da za ta kai kuka in babba ne ya neme ta ba, da hukuncin da zai hau kansa, iyaye ba za su amince da ita ba, ni ma ba zan ce su amince ba.

Mai girma Minista, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina roƙon kafin komawa makaranta ta gaba ku sa a kira zama a kowace jaha, a haɗa malaman addini da sarakuna da ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da iyaye, musamman mata, a ajiye daftarin a gabansu tun yana ɗanye, su yi gardama a kansa layi bayan layi. In aka kira na Tawa, ina da tsofaffin littattafan darasina da tambayoyin da ɗalibai suka riƙa rubuto mini a ƴan takardu ba tare da suna ba, zan zo da su.

Wassalam, tare da girmamawa,

Tsohuwar malamar kwaleji,
Tawa.