Gishiri kaɗai likita ya hana, kanwa fa?

Assalamu alaikum malam edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan gidan rediyo, Allah ƙara basira.

Na saurari shirinku na lafiya akan hawan jini, kuma gaskiya likitan da kuka gayyato yayi ƙoƙari, amma tun daga farko har ƙarshe gishiri kawai yake ta ambata, a rage gishiri a rage gishiri. Ni kayan miya nake saidawa a kasuwar Marwa nan Kamaru, ina ganin yadda mutane ke fahimtar wannan maganar. Wata hajiya tazo rumfata tace a auna mata kanwa da yawa da magi leda guda, wai lopital, wato asibiti, sun hana maigidan gishiri shine take ƙara waɗannan dan miya tayi ɗanɗano. Nace hajiya ai gudun gara ne kika faɗa gidan zago, sai ta kalleni kamar na zageta.

Abinda ke tada jinin ba farin garin bane, wani sinadari ne a cikinsa da ake kira sodiyom, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin gishiri shine. Hukumar lafiya ta duniya tace babban mutum kada ya wuce giram 2 na sodiyom a rana, wato gishiri ƙasa da giram 5, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. To wannan sodiyom ɗin yana cikin kanwa, yana cikin bikarbonat da mata ke sawa a fanke da kek, yana cikin farin magi wato ajino, shi kuwa magi mai dunƙule kusan rabinsa ma gishiri ne zalla.

Kanwa ce tafi damuna saboda mu mun ɗauketa magani. Daga Kanem ake haƙota a Chadi, wajajen Liwa da Baga Sola, a loda ta biyo Njamena da Kusiri ta iso mana, wata kuma ta wuce Maiduguri da Kano, fatauci ne tun na kaka da kakanni. Faransawa na ce mata natron, daga nan ma aka samo Na ɗin nan, alamar sodiyom da yaranmu ke haddacewa a lise wato sakandare, amma yan Najeriya da turancinsu sai suce potash, sai mai ɗan karatu ya ɗauka potasiyom ce wadda akace tana da kyau ga zuciya. Ba haka bane, mafi yawanta sodiyom kabonet ne da bikarbonat harda ɗan gishiri a gauraye. Wanda ke da potasiyom da gaske shine ruwan toka da tsofaffinmu ke tacewa daga tokar karan dawa.

Ni bance a daina sa kanwa ba, wa zai dafa wake ko ɗanwake ko miyar kuka ba ita, ɗan tsunkule da ake jefawa kuɓewa tayi yauƙi ba shine matsalar ba. Matsalar kunun kanwa ne da ake ɗura wa maijego safe da yamma har tayi arba'in, kanwar ma ba aunawa ake ba, wata goggo zata jiƙa ungurnu dunƙule guda ta tace ta zuba, ga wankan ruwan zafi da ganye akai. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun shekarun 1970 sun bi diddigin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kuma sun danganta abin da wannan al'adar. Mace ta haihu lafiya, sai kaga ƙafa ta kumbura numfashi na sama sama bata iya kwanciya rigingine, ace ai sanyin jego ne a ƙara mata kunu. Dan Allah wannan kaɗai ya isa ayi masa shiri guda, a kira ungozoma da sajfam, wato ungozomar asibiti, su zauna tare.

Sai kuma soda. Bikarbonat ana ce masa soda, sud kostik da matan ƙungiya ke haɗa sabulu dashi shima soda ake cewa, kuma duk farare ne ana ƙullasu a leda babu rubutu. Na sabulun in aka jiƙa shi fes yake kamar ruwa, gashi a gorar ruwan sha ake ajiyewa, yaro in ya kurɓa yana ƙona masa maƙogwaro har ciki. In hakan ta faru kada a sashi amai, a ruga asibiti dashi.

Roƙona idan likitan ya dawo ku tambayeshi kai tsaye akan kanwa da magi, ya faɗa da hausa da fulatanci yadda tsohuwa a Mokolo ko Yagwa zata gane, kuma ku maimaita shirin da daddare dan da safe muna kasuwa.

Naku mai sauraro kullum, daga Marwa.